Sau 19 aka doke Dick Tiger, to me ya sa har yanzu ake cewa babu kamarsa?

Wani ɗan'uwa ne ya yi min wannan tambayar, ya ce ya sha jin ana zuzuta Dick Tiger wai shi ne ɗan damben boksin mafi girma da Najeriya ta taɓa fitarwa, sai ya je ya duba rikod ɗinsa ya tarar an doke shi har sau 19, shi ne yake cewa anya ba zuƙi ta malle ba ce irin ta dattawa, mutumin da ya sha kashi sau 19 ta ina zai kamo ƙafar Anthony Joshua ko ma Samuel Peter?

To ɗan'uwa lissafinka daidai ne, ba ka yi masa ƙage ba. Wasa 82 ya yi, ya ci 60, a ciki 27 ya gama da su kafin lokaci ya cika, aka doke shi 19, aka yi canjaras 3. Inda ka kuskure shi ne ka karanta rikod ɗin mutumin 1960 da idon mutumin yau. Na daɗe ina koya wa yara boksin kuma wannan ita ce cutar da kusan duk yaron da ya shigo wurina yake zuwa da ita, tunda Mayweather ya yi 50 ba a doke shi ba shi ke nan a wurinsu duk wanda aka taɓa dokewa ba gwani ba ne. Ka san sau nawa aka doke Sugar Ray Robinson, wanda yawancin masana suke cewa ba a taɓa yin ɗan dambe kamarsa ba? Sau 19. Daidai da na Tiger. Emile Griffith sau 24. A wancan zamanin mutum yakan hau dandali sau bakwai sau takwas a shekara saboda da shi yake cin abinci, ba kowa ake zaɓar wa abokin karawa ba, yawanci wanda aka kawo shi za ka fuskanta. Yanzu kuwa yaro in yana da farin jini lallaɓa shi ake kamar ƙwai, a yi ta jero masa na banza har ya kai 20 ba faɗuwa kafin a bari ya haɗu da wanda zai iya taɓa lafiyarsa. Don haka tambayar da ake yi ba sau nawa aka doke shi ba ce, wa ya doke shi, a yaushe, ta yaya, kuma da aka sake haɗuwa me ya faru.

Asalin sunan Tiger Richard Ihetu, an haife shi ranar 14 ga Agusta 1929 a Amaigbo, ƙasar Ibo, jihar Imo ta yanzu. Talaka ne futuk, a Aba ya tashi yana tattara kwalabe yana sayarwa a kasuwa. Bai shiga damben kuɗi ba sai 1952 yana da shekara wajen 23, wanda a wannan harka ya makara sosai, yaran da zai je ya kara da su a Amurka tun suna shekara goma sha suke cikin safar hannu ƙarƙashin koci na gaske, shi kuwa ƙarfi ne kawai da zuciya.

A 1955 ya tafi Ingila, ya sauka Liverpool, inda wani ɗan damben Najeriya, Hogan Bassey ɗan Kalaba, ya riga shi zuwa. Wasannin Tiger huɗu na farko a can duka an doke shi. Huɗu a jere fa, duka da maki. Ga sanyi da bai saba ba, ga abinci da bai saba ba, da rana yana aiki a kamfanin fenti da yamma ya je tirenin, sannan a Ingila rafali shi kaɗai ne alƙali, shi zai ba da maki, kuma su abin da idonsu ya saba da shi shi ne mutum ya tsaya a miƙe yana ɗan zungurin abokin karawa da hannun hagu tsaf-tsaf. Tiger kuwa duƙawa yake yana kutsawa yana neman haƙarƙari. Ka cire huɗun nan daga 19 ɗinka, ka ƙara da wasu da ya sake sha a can kafin ya gane kan abin, ka ga lissafin ya fara canja kama. Ni a wurina abin mamaki ma shi ne da bai tattara kayansa ya koma gida ba, na ga yara masu baiwa da yawa da faɗuwa ɗaya ta raba su da safar hannu har abada.

Ranar da tauraronsa ya fara haskawa a watan Mayu 1957 ne a Landan. Akwai wani matashi Terry Downes da ake ta ɗagawa, wasansa na uku ke nan, aka ce a nemo masa wani mai sauƙi ya ƙara suna da shi, aka duba aka ga ga wani baƙo daga Liverpool da rikod duk tabo, aka ce yawwa a kawo wannan. Tiger ya kai shi ƙasa, ya farfasa masa fuska har aka tsayar da wasan. Kuma Downes ɗin ba kanwar lasa ba ne, shi ne ya zo ya ci kambun duniya a 1961. Ka ga masu shirya wancan wasan ma irin karatun da ka yi wa rikod suka yi. A watan Maris 1958 Tiger ya kashe Pat McAteer a turmi na 9 ya karɓi kambun daular Birtaniya na matsakaicin nauyi, wato ajin da bai wuce kilo 72 da rabi ba. In na ce kisa ka san yaren 'yan dambe nake, ba ran mutum aka ɗauka ba.

1959 ya tsallaka Amurka, hannun manaja Jersey Jones da koci Jimmy August, a nan ne aka goge shi ya zama abin da ya zama. Can ma da farko bai ji da daɗi ba, ya yi canjaras da Rory Calhoun sannan aka ba Calhoun wasa na biyu, ya yi biyu da Joey Giardello kowa ya ci ɗaya, Wilf Greaves ya ƙwace masa kambun daular a Kanada a 1960, bayan wata biyar ya koma ya karɓe abinsa kafin lokaci ya cika. Ka lura da wannan ɗabi'ar tasa don za ta yi ta dawowa: a doke shi da maki, ya je ya zauna ya yi nazari, ya dawo ya rama. Spider Webb ya taɓa cin sa a Landan, da suka sake haɗuwa a 1961 Webb bai kai ƙarshe ba. Daga nan ya bi ta kan Florentino Fernandez da Henry Hank, mutanen da kowa ke gudu saboda nauyin hannunsu, har ya zama babu yadda za a yi a ci gaba da kauce masa.

Ranar 23 ga Oktoba 1962 a San Francisco ya haɗu da Gene Fullmer mai riƙe da kambun duniya na hukumar dambe ta WBA. Sai ka san waye Fullmer kafin ka gane girman abin. Mutumin Utah ne, ya taɓa doke Sugar Ray Robinson, dambensa ba kyan gani amma kamar bijimi yake, tura ka zai yi jikin igiya ya danne ka da kafaɗa da goshi ya yi ta nuƙurƙusarka har ka gaji. Duk rayuwarsa shi yake tura mutane baya. Ranar nan ya tura ya ji kamar bango yake turawa. Turmi 15 aka yi Tiger ya ci da maki, yana da shekara 33, shekarun da wasu suke ajiye safar hannu. Suka sake a Las Vegas a Fabrairu 1963 aka ce canjaras, kambu ya zauna a hannunsa. Na ukun shi ne wanda ya kamata kowane ɗan ƙasar nan ya sani: 10 ga Agusta 1963, filin wasa na Liberty a Ibadan, wanda yanzu ake kira da sunan Obafemi Awolowo. Gwamnati ce ta sa kuɗi aka kawo wasan gida, ƙasa tana da kusan shekara uku kacal da samun 'yancin kai, ga ɗanta yana kare kambun duniya a gaban mutanensa. Ya yi wa Fullmer dukan da bayan turmi na 7 mutanen kwanarsa suka ce ya isa haka. Fullmer bai ƙara hawa dandali ba.

Bari in ɗan tsaya kan yadda Tiger yake dambe don nan ne amsar take. Tsawonsa bai wuce santimita 173 ba, gajere ne a ajinsa, hannunsa ma ba dogo ba. Amma ka kalli cinyoyinsa. Akwai wani yaro da nake koyarwa mai son jefa hannu tun daga nesa kamar mai jifan mangwaro, na gaji da faɗa, rannan na zaunar da shi na kunna masa bidiyon wasan Tiger da Rubin Carter a waya, na sa yatsa na rufe rabin sama na allon na ce kar ka kalli hannu, ƙafa kawai za ka kalla. Gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a dashe a ƙasa, taku ƙanana-ƙanana kamar mai tafiya a kan santsi, ba tsalle ba rawa. Sai da na ɗage yatsan ya ga abin da ƙafar take haifarwa, Carter ya kawo duka, Tiger ya ɗan nutse ya bar shi ya wuce ta saman kafaɗa, kafin hannun Carter ya koma gida ƙugiyar hagu ta riga ta sauka a muƙamuƙi, tafiyarta ba ta fi taƙi ɗaya ba. Mutane suna ganin yana matsowa gaba sai su ɗauka mai kai hari ne, alhali jira yake ka fara ya mayar maka, matsowar don ya tilasta maka ka jefa hannu ne. Wasan nan a Madison Square Garden aka yi shi a watan Mayu 1965, Carter da ake wa laƙabi da guguwa, wanda ya taɓa gamawa da Emile Griffith a turmin farko, sau uku yana zuwa ƙasa. Shi da bakinsa daga baya ya ce bai taɓa shan duka irin na ranar ba, a cikin dandali ko a waje.

To amma irin wannan tsayuwar tana da kuɗinta. Wanda sai ya dasa ƙafa yake duka, in ka hana shi dasawa ka gama da shi. Duk wanda ya tsaya gaba da gaba da Tiger ya ji a jikinsa, wanda ya yi ta zagaye yana zungura yana matsawa shi yake ba shi wahala, kuma gaskiya bai taɓa iya tare hanya da sauri yadda ya kamata ba, bin mutum yake a baya maimakon ya yanke masa. Da haka Giardello ya ƙwace kambun a Atlantic City ranar 7 ga Disamba 1963, da haka Joey Archer ya ci shi a 1964. Masoyansa suna son su ce duk fashi aka yi masa, a'a, na Giardello ya faɗi ne tsakani da Allah. Abin da ya yi zafi shi ne Giardello ya yi alƙawarin za a sake ba da jimawa ba sai ya yi ta ja masa rai kusan shekara biyu, Tiger yana ta tsufa yana ta doke kusan duk wanda aka ajiye masa a hanya, har 21 ga Oktoba 1965 aka haɗu a New York ya karɓe kambunsa da maki ba gardama. Mujallar The Ring ta ba shi gwarzon shekara sau biyu, 1962 da 1965, kuma ka tuna 1965 Muhammad Ali yana kan ganiyarsa.

Afrilu 1966 Griffith ya hauro daga ajin ƙasa ya karɓe kambun. A wasan ne aka fara kai Tiger ƙasa a rayuwarsa, turmi na 9, ya miƙe nan take. Alƙalai suka ba Griffith, yawancin 'yan jaridar da ke bakin dandali suka ce Tiger ne ya ci. Na kalli abin da ya rage na wasan ba sau ɗaya ba, ni dai a ganina wanda yake bi yana neman faɗa bai cancanci a raba shi da kambu a irin wannan wasan ba, amma ba zan rantse ba, wasa ne mai wuyar ba da maki.

Mutum mai shekara 36 da aka ƙwace wa kambu, kowa ya ɗauka shi ke nan. Sai ya haura aji na gaba, na kilo 79, inda ko cika nauyin ba ya yi. Ranar 16 ga Disamba 1966 ya doke José Torres ɗan Puerto Rico ya zama zakaran duniya a aji na biyu. Suka sake a Mayu 1967 ya ƙara ci da ƙyar, alƙalai biyu nasa ɗaya na Torres, magoya bayan Torres suka hargitsa wurin da jifa da kwalabe da kujeru. Ya kare kambun a kan Roger Rouse a Las Vegas a Nuwamba. Ka riƙe a ranka lokacin nan babu wannan tarin bel ɗin na yau da hukumomin WBA da WBC da IBF da WBO kowa da nasa zakaran a ajujuwa 17, in an ce kai ne zakaran aji to kai ɗin ne, kuma turmi 15 ake yi ba 12 ba, sai bayan wani ɗan dambe Duk Koo Kim ya mutu sakamakon dukan da ya sha a dandali a 1982 aka fara ragewa.

A daidai nan rayuwarsa ta rikice, kuma ba zan tsallake ba don kawai maganar tana da nauyi a wurinmu. Juyin mulkin Janairu 1966 da aka kashe su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, na Yuli da ya biyo baya, kashe-kashen Ibo da aka yi a Arewa, sannan yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Tiger ya tsaya da Biyafara ƙafa da kai. Ya karɓi muƙamin laftanar a sojojinsu yana horar da su motsa jiki, ya riƙa cewa a gabatar da shi a dandali a matsayin ɗan Biyafara, kuɗin dambensa ya riƙa turawa can, a 1969 ya mayar wa Birtaniya lambar girmamawa ta MBE da suka ba shi saboda suna mara wa gwamnatin tarayya baya. Kowa da yadda zai kalli wannan, ni ba alƙalancin yaƙi aka tambaye ni ba. Abin da ya shafi tambayarka shi ne mutumin da aka sani da tattali, wanda ba ya shaye-shaye ba ya facaka, ya tara abin da ya samu ya zuba a gidaje da kadarori a gida, yaƙi ya zo ya lashe yawancinsu. Shi ya sa ya ci gaba da dambe a shekarun da ya kamata a ce yana hutawa, kuma ina ganin shi ya sa sunansa bai zauna a bakin mutane a ƙasar nan yadda ya kamata ba.

Da wannan halin ya karɓi wasan Bob Foster, 24 ga Mayu 1968, an yi masa alƙawarin dala 100,000. Foster dogo ne, ya fi shi da kusan santimita 18, ya fi shi ƙuruciya da shekara tara, kuma har yau in ana lissafin masu nauyin hannu a wannan aji da shi ake farawa. Turmi na 4 ƙugiyar hagun Foster ta sami Tiger, ya faɗi rigingine kansa ya bugi ƙasa, ka gan shi yana ta ƙoƙarin tashi jiki ya ƙi. Wannan shi ne karo ɗaya tak da aka ƙirga masa goma a wasa 82. Ɗaya. Ka koma ka dubi 19 ɗinka da wannan a zuciya.

Ko bayan nan bai ƙare ba. Oktoba 1968 ya kara da Frankie DePaula, aka kai shi ƙasa sau biyu, ya tashi ya kai DePaula ƙasa sau biyu, ya ci da maki, The Ring ta ce shi ne wasan shekara. Mayu 1969, saura kaɗan ya cika 40, ya doke Nino Benvenuti ɗan Italiya wanda a lokacin shi ke riƙe da kambun matsakaicin nauyi, sai dai ba a sa kambun a wasan ba, kuma don adalci Benvenuti ya karya hannu tun farkon wasan. Na ƙarshe Yuli 1970 Griffith ya sake cin sa da maki, ƙafafu sun riga sun tafi.

Game da su Joshua da ka kawo. Joshua a Watford aka haife shi, Birtaniya ya wakilta ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2012, asalinsa namu ne amma tsarin Ingila ne ya raine shi tun daga tushe, gwani ne ba musu, sai dai ba abu ɗaya ake aunawa ba. Samuel Peter ya ci kambun WBC na masu nauyi a Maris 2008 a hannun Oleg Maskaev, a Oktoba na shekarar Vitali Klitschko ya karɓe, ko sau ɗaya bai kare shi ba. Wanda za a iya ajiyewa kusa da Tiger shi ne Hogan Bassey, shi ya fara ciyo wa Najeriya kambun duniya a 1957 a Paris, amma zamaninsa a sama gajere ne, 1959 Davey Moore ya karɓe. Tiger ya yi shekara goma cur yana cikin manyan duniya, sau biyu zakara a aji ɗaya, sau ɗaya a aji na sama, kuma Fullmer da Giardello da Torres da Benvenuti da ya doke duk sunayensu na cikin zauren tarihin boksin na duniya, inda shi ma aka shigar da shi a 1991.

Bayan ya ajiye safar hannu gadi ya koma yi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. Yana wannan aikin ciwo ya kama shi a ciki, aka duba aka ce kansar hanta ce. Ya nemi a bar shi ya dawo gida, gwamnatin Gowon ta bar shi ya shigo. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba 1971 yana da shekara 42, wata 17 kacal bayan wasansa na ƙarshe.